Sunan uba ko na miji a katin amarya?

A Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, da zarar an watse daga biki, sai wata gwaggo ta tambayi amarya ko za ta sauya takardunta. Hanya biyu ce gabanta.

Idan ta bar sunan mahaifinta, ba ta da zirga-zirga. Katin shaida, takardar haihuwa, takardun makaranta, layin waya da asusun Orange Money ko MTN duk suna ɗaya suke ɗauke da shi. Malamai ma nan suka fi karkata, saboda aya ta 5 a Suratul Ahzab da ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu.

Ƙara sunan miji kuwa aiki ne. A Kamaru ba a goge sunan haihuwa, sai dai a rubuta "épouse" wane, wato matar wane, a gefensa. Kafin nan dole a nuna takardar aure ta ofishin magajin gari, kuma a nan yawancinmu ke tuntuɓe, domin ɗaurin auren masallaci kaɗai ba ya ba da ita. An samu takardar, sai sabon kati wajen 'yan sanda, sai banki, sai kamfanin waya, sai CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, in tana aikin albashi. Ta manta guda, wata rana mai biyan kuɗi ya ce sunayen ba su dace ba. In aure ya mutu, Allah ya kiyaye, a sake bin layin daga farko.

Ni dai na ce wa ƙanwata ta karɓi takardar auren ta adana, don ita ake nema ranar maganar fansho ko gado, ta bar katinta yadda yake.