Babban allo da babban suna: ra'ayina bayan biyan kuɗin ƙari a sinima

Na daɗe ina cikin masu yarda su biya ƙarin kuɗi domin kallon fim a ɗakunan da gidajen sinima ke kira na musamman, irin su IMAX da Dolby Cinema da 4DX, musamman idan fim ɗin ya fito daga hannun daraktan da duniya ke yi wa kirari. Hukuncin da na yanke shi ne cewa akwai abin kirki a cikin lamarin, amma bai kai yadda ake kururuta shi ba. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda ake haɗa sunan darakta da girman allo a sayar da su tare, kowannensu yana rufa wa ɗayan asiri.

Ya kamata a fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. An kafa kamfanin IMAX a Kanada a 1967, aka kuma nuna fim na farko da fasaharsa a bajekolin duniya na birnin Osaka a 1970. Asalin tsarin yana amfani da zaren fim mai faɗin milimita 70 wanda yake gudana a kwance maimakon daga sama zuwa ƙasa, kowane hoto guda yana cin hudoji 15, shi ya sa hoton yake ninka na zaren milimita 35 sau da yawa. Allonsa dogo ne ƙwarai, faɗinsa bai fi tsayinsa da yawa ba, ma'auninsa 1.43 da 1, don haka hoton yana cika idon mai kallo daga sama har ƙasa. Shekaru da dama finafinan ilimi kan sararin samaniya da teku aka fi yi da shi, sai darakta Christopher Nolan ya ɗauki wani ɓangare na The Dark Knight, wanda ya fito a 2008, da kyamarorin IMAX. Na samu damar zama a gaban irin wannan allo, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana da kwarjini. Idan aka hasko fili ko sararin sama, mutum yakan manta cewa akwai bango a gabansa, kuma ƙananan abubuwa irin su zufa a goshin ɗan wasa da zaren rigarsa duk suna fitowa tar.

Matsalar ita ce 'yan kallo ƙalilan ne suke samun wannan. Lokacin da Oppenheimer, fim ɗin Nolan, ya fito a 2023, ɗakuna kusan 30 ne kacal a duniya baki ɗaya suka iya nuna shi a zaren IMAX na milimita 70, wanda tsawonsa ya kai kusan kilomita 18, nauyinsa kuma kusan kilo 270. Tun daga 2008 kamfanin ya fito da tsarin dijital da ake sakawa a ɗakunan sinima na yau da kullum, mai ma'aunin 1.90 da 1, kuma galibin ɗakunan da ke ɗauke da sunan a yau irin wannan ne. A can, sama da ƙasan hoton da darakta ya wahala wajen ɗauka ba sa bayyana gaba ɗaya. Saboda haka tallan da ake yi kan nauyin zare da tsayin allo yana jawo mutane miliyoyi zuwa ɗakunan da ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. A wani gidan sinima da ba sai na ambaci sunansa ba, na taɓa biyan kuɗin ɗakin da suka yi wa laƙabi da na musamman, na tarar allon da kaɗan ya fi na ɗakin da ke maƙwabtaka da shi, hasken majigin kuma ya dusashe har wuraren da aka ɗauka da dare suka koma ruwan toka.

Abin da na ga ya fi cancantar kuɗina shi ne kyawun sauti da ingancin haske, ba girma ba. Tsarin Dolby Atmos, wanda ya fara aiki a 2012, ya ƙara lasifikoki a rufin ɗaki, ya kuma ba mai haɗa sauti damar ɗora kowace ƙara a gurbin da yake so, ta yadda ruwan sama zai zubo daga bisa kai, takun sawu kuma ya wuce ta bayan kujera. Majigi mai amfani da hasken leza shi ma ya kawo gyara na gaske, domin baƙi yana fitowa baƙi ƙirin, kuma wannan kaɗai yana ƙara wa hoto zurfi fiye da ƙarin mita biyu a faɗin allo. Sai dai wasu masu kula da ɗakuna sun ɗauka cewa ƙure ƙarar lasifika shi ne inganci, alhali kunne yakan gaji tun kafin a kai tsakiyar fim.

Game da 4DX, wanda wani kamfanin Koriya ta Kudu ya ƙaddamar a 2009, maganata gajeriya ce. Kujerar da ke jijjiga da ruwan da ake fesa wa mutum a fuska suna tuna masa a kowane minti cewa yana zaune ne a ɗaki, wanda shi ne abin da fim mai kyau ke ƙoƙarin mantar da shi. Haka ma 3D, wanda ake kallo da tabarau na musamman domin hoto ya yi kamar zai fito daga allo. Bayan nasarar Avatar a 2009, kamfanoni suka yi ta juya finafinan da ba a ɗauka da wannan niyya ba, tabaran kuma yana rage haske sosai. Wannan ba sabon abu ba ne, domin a lokacin da talabijin ta fara janye 'yan kallo a Amurka ne aka fito da tsare-tsaren faffaɗan allo, Cinerama a 1952 da CinemaScope a 1953. A yau manhajojin kallon fim ta intanet ne ke janye su, amsar gidajen sinima kuma ba ta sauya ba.

Batun daraktoci ya fi sarƙaƙiya. Ra'ayin cewa darakta shi ne mawallafin fim ya samu gindin zama ne daga masu sharhi na mujallar Cahiers du Cinéma a Faransa a shekarun 1950, kuma tun a 1963 mai sharhin finafinai Pauline Kael ta ƙalubalance shi a Amurka. Ina ganin tana da hujja. Yawancin abin da ke burge mu a babban allo aikin mai ɗaukar hoto ne da mai haɗa sauti da mai tace fim, waɗanda 'yan kallo kan fice kafin sunayensu su bayyana. Oppenheimer ya ci kyautar Oscar 7, kuma daga cikinsu akwai ta Hoyte van Hoytema a ɗaukar hoto da ta Jennifer Lame a tacewa. Fim ne na sa'o'i 3 wanda kaso mai yawa nasa mutane ne ke zaune a ɗaki suna muhawara, kuma da na sake kallonsa a allo na yau da kullum ƙarfinsa bai ragu ba, domin yana cikin rubutu da wasan jarumai da yadda aka saƙa lokuta daban-daban. Wannan yabo ne ga Nolan, amma yana raunana iƙirarin cewa wanda bai kalla a allo mafi girma ba bai kalli fim ɗin ba.

Wannan iƙirari ya zama mafakar magoya baya. Kyamarorin IMAX na zare suna da ƙara, Nolan kuma ya bayyana cewa ba ya son a sake naɗar muryoyin 'yan wasa bayan an gama ɗauka, sannan mutane da yawa sun koka cewa kiɗa da ƙara sun danne magana a fim ɗinsa Tenet na 2020. Amsar da akan ba mai irin wannan kuka ita ce bai je ɗakin da ya dace ba, ko kuma bai fahimci manufar darakta ba. Da sabon darakta ne ya yi haka, da an kira abin aibi kai tsaye. Francis Ford Coppola, wanda ba mai musun girman finafinansa na shekarun 1970, ya zuba kusan dala miliyan 120 daga aljihunsa a Megalopolis na 2024, aka kuma nuna shi a IMAX, amma a ganina girman allon ƙara fito da tarwatsewar labarin ya yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A yanzu, kafin na biya kuɗin ƙari, nakan bincika ko an ɗauki fim ɗin da kyamarorin da suka dace da tsarin ko kuwa daga baya aka gyara shi domin ya shiga, nakan kuma tambayi irin majigin da ɗakin yake da shi da ma'aunin allonsa. Idan dogon allo ne na gaske, ina biya, in nemi kujera a tsakiya daga can baya, domin layukan gaba ciwon wuya kawai suke sayarwa. Idan ba shi ba ne, ɗaki mai majigin leza da sauti mai kyau ya ishe ni, ko fim ɗin na wane ne.