Kafin Ka Ɗaga Tsohuwar Jif Ɗinka, Duba Wace Hanya Za Ka Bi

Mota irin Land Cruiser 80, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, yau ta haura shekara talatin. Sifirin ɗin da ya ɗauki kaya tsawon wannan lokaci ya riga ya zauna. Saboda haka kafin ka sayi komai, ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, ɗauko tef ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, a ƙafafu huɗu. Sau da yawa za ka tarar baya ya yi ƙasa, ko gefe guda ya karkata. Wanda ya ga haka, sabon sifirin kaɗai zai maido masa da tsayin da yake nema.

Hanyar ɗaga mota mafi arha ita ce cusa zobe a saman sifirin mai naɗi, ko sa dogon marataya, wato ƙarfen da ke rataye sifirin a jikin shasi, ga mai ganye. Motar za ta tashi a ido, amma gajiyayyen sifirin yana nan yadda yake. Ɗaga bodi daga kan shasi kuwa wuri kawai yake buɗe wa babbar taya, ƙarƙashin motar bai motsa ba. Masu Pajero ta 1991 da ire-irenta, waɗanda sandar ƙarfe mai murɗuwa ce ke aikin sifirin a gabansu, kan ƙara ɗaure notinta su sami tsayi kyauta. Kyautar na da tsada: gaba ya yi tauri, robar shaf ta riƙa yagewa saboda kwanar da aka ƙara mata.

Ni dai da za a tambaye ni, cikakken saiti zan ce, wato sifirin da shokazoba da aka yi su don juna, irin samfurin Old Man Emu ko Dobinsons, a tsaya a inci 2, kimanin milimita 50. A nan ne mutane ke yin kuskure wajen zaɓen ƙarfin sifirin. Ana sayar da shi ne gwargwadon nauyin da motar ke ɗauka kullum. Idan ka sayi na manyan kaya alhali kai da iyali kawai ke shiga, kowane rami sai ka ji shi a ƙugu. Faɗa wa mai sayarwa gaskiya: akwai ƙarfen gaba? Akwai ƙarin tanki? Ana ɗora kaya a rufi?

Da zarar ka wuce inci 2, aiki ya haifi aiki. Tiyon birki zai yi gajere, aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama, zai ja gefe guda sai an sa sandar riƙe shi wadda ake iya daidaitawa, farfela na iya fara karkarwa, sitiyari ya riƙa yawo a kan kwalta. Motar kuma tana ƙara karkata idan ana shan kwana, domin nauyinta ya koma sama.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: a mota mai aksul ɗaya miƙaƙƙe, tulun tsakiyar aksul ba ya tashi ko da ka ɗaga inci 4. Babbar taya ce kaɗai ke nisanta shi da dutse, ita kuma tana rage wa injin kuzari, ta sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya.

Duk hanyar da ka zaɓa, sa bakanike ya canza bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafa, da suka tsattsage a rana guda, ya ƙarasa ɗaure notunan bayan motar ta sauka kan tayoyinta, sannan a kai ta alaimen.