Kafin ka biya kuɗin manhajar kwastomomi, nemo mutum ɗaya a cikinta ka gyara sunansa

A ƙarshen daminar da ta wuce wani dattijo mai shagon taki da maganin feshi a Samaru ta Zariya ya kira ni, murya a sama. Ya ce, "Malam, zo ka duba mini kwamfutar nan, ta sa na ci mutuncin mutumin kirki." Da na je na tarar da abin da ya faru. Yaron shagonsa ya so ya jera sunayen manoma bisa haruffa, sai ya zaɓi layin sunaye kaɗai ya jera, ya bar layin lambobin waya da na bashi a inda suke. Sunaye suka motsa, kuɗi suka tsaya. Manomin da ya biya tun kafin shuka ya wayi gari da bashin buhu shida a gaban sunansa, Alhaji kuwa ya ɗaga waya ya faɗa masa magana mai zafi. Kafin a gane, yaron ya yi kwana uku yana zuba sababbin bayanai a kan wannan hargitsin. Sai da muka sauko da tsohon littafin bashi mai bangon kwali da ɗaurin rasit, muka yi yini biyu a kan tabarma a bayan shago, kafin kowa ya koma gurbinsa.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wace manhaja zai saya don ajiye bayanan kwastomomi, ba na fara masa da farashi ko kyan fuska. Mai talla zai nuna maka zane-zane masu launi da ke nuna cinikin wata, kuma suna da kyau. Amma aikin da za ka yi sau hamsin a rana guda biyu ne: nemo mutum, da gyara abin da aka rubuta a kansa. Manhajar da ta wahalar da kai a waɗannan biyun, ko kyauta aka ba ka, bayan wata biyu za ka koma littafi.

Mu fara da nema, domin a nan ne ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera yawancin manhajojin. A shago ɗaya a Sabon Gari za ka iya samun Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Mamman, kuma mai yiwuwa biyu daga ciki mutum ɗaya ne, yara biyu ne suka rubuta shi a ranaku daban-daban. Wani ya rubuta Ɗanladi da harafi mai lanƙwasa, wani Danladi, wani ya raba shi Dan Ladi. Ga kuma wanda ba a san shi da sunan yanka ba sam, sai laƙabi ko sunan unguwa, mai gyaran injin ban-ruwa na Shika ko Hajiya ta Gyallesu. Saboda haka ka gwada akwatin nema da hannunka. Rubuta rabin suna ka ga ko zai fito. Rubuta da ɗ, sannan da d. Buga lambobi huɗu na ƙarshen waya, domin da su mutane suka fi tunawa, wasu manhajojin kuwa sai ka fara daga farkon lamba suke ganewa. Sannan ka duba ko za ka iya ƙara gurbi naka na kanka, kamar laƙabi, unguwa, wanda ya tsaya wa mutum, kuma ko akwatin nema yana leƙa waɗannan guraben. Wannan na ƙarshe mutane kan manta da shi, alhali shi ne ke sa a nemo "mai injin Shika" cikin daƙiƙa biyu alhali yana tsaye a gabanka.

Masu shago da yawa a Zariya sun riga sun mallaki manhaja ba su sani ba, wato WhatsApp Business, wadda ta fito a watan Janairun 2018. Tana ba ka damar yi wa hira alama, wannan ya biya, wannan ana binsa, wannan sabo ne, kuma ba ka biyan komai sai data. Ga telar da ke aiki ita kaɗai a Tudun Wada ko mai sayar da turare daga gida, ta isa a farko. Matsalarta ita ce ba katin kwastoma take ajiyewa ba, hira take ajiyewa. Awon rigar da aka turo bara yana can sama, sai ka yi ta jan yatsa. Ba gurbin bashi, ba lissafi, kuma duk abin yana rataye da lambar waya guda. In ka haɗa ta da Google Contacts ka ɗan samu sauƙi, domin shi yana gano sunayen da suka maimaitu ya ba ka shawarar haɗe su, kuma yana barin ka maido da jerin sunayenka yadda yake a kowane lokaci cikin kwana 30 da suka wuce. Amma littafin lambobi ne, ba littafin ciniki ba.

Mataki na gaba shi ne jadawali, Excel ko Google Sheets, kuma a nan zan daɗe, domin a nan yawancinmu muke. Alherinsa a fili yake: kana ganin kowa a shafi ɗaya, ka danna gurbi ka gyara nan take, ka tace ka ware mutanen Kongo kaɗai ko waɗanda bashinsu ya wuce dubu hamsin. Duk wani mai shagon buga takardu a bakin jami'a ya iya shi, don haka ba za ka rasa mai taimako ba. Sai dai sauƙin gyaran nan shi ne haɗarinsa. Babu abin da ya ɗaure suna da lambarsa sai zamansu a layi ɗaya, kamar yadda Alhaji ya gani. Akwai kuma wasu halaye da ya kamata ka sani tun kafin ka fara. In ka buga lamba mai farawa da 0803, jadawali zai ɗauke ta a matsayin adadi ya cinye sifilin farko, sai ka mai da layin ya zama na rubutu tukuna. In ka sa ta da 234 a gaba, Excel kan dunƙule ta ya nuna maka wani abu mai harafin E a tsakiya. Kwanan wata ma haka: in kwamfutar na kan tsarin Amurka, 3/4 da kake nufin uku ga Afrilu za ta karanta shi huɗu ga Maris, ranar biyan bashi ta tashi daga inda ka ajiye ta.

Tsakanin su biyun, ga shagon da hannu fiye da ɗaya ke taɓa bayanai, na fi son Google Sheets saboda abu guda: yana ajiye tarihin gyare-gyare da kansa. Kana iya komawa yadda shafin yake ranar Litinin da safe, kana kuma iya danna gurbi ɗaya ka ga wa ya canza shi, daga me zuwa me. Kana iya kulle layin bashi ka bar wa yara layin waya da adireshi. Amma duk wannan ba ya aiki in kowa da asusun maigida yake shiga, domin tarihin zai ce maigida ne ya yi komai. Kowane yaro ya shiga da nasa. Excel na kan kwamfuta kuwa ya fi shi a wuri guda mai muhimmanci a garinmu: ba ya neman intanet ko kaɗan. In dai batir na da caji, ko an ɗauke wuta ko sabis ya gudu, aiki na tafiya. Kuɗin da kake biya shi ne, in fayil ɗin a kwamfuta ɗaya yake zaune kuma ta lalace, ya tafi ke nan, sai in kana kwafewa a filashi duk mako.

Sai manhajojin da aka gina musamman don wannan aiki, waɗanda ake kira CRM. Bambancinsu da jadawali shi ne kowane kwastoma katinsa daban. Ka buɗe katin ka ga lambarsa, abin da ya saya, kiran da aka yi masa, alkawarin da ya ɗauka, duk a jere bisa kwanan wata. Jera sunaye yadda ka ga dama, bashin wani ba zai taɓa komawa kan wani ba. Zoho CRM, na wani kamfanin Indiya da aka kafa a 1996, yana da tsarin kyauta na mutum uku, manhajarsa ta waya tana barin ka gyara kati ba intanet ta tura daga baya, kuma abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 60 kafin ya ɓace. Kamfanin yana da ƙaramar manhaja mai suna Bigin, mai sauƙin koyo, wadda tsarinta na kyauta na mutum ɗaya ne. HubSpot, na Amurka, shi ma yana da na kyauta, fuskarsa a share take, yana nuna tarihin kowane gurbi, yana kuma barin a maido da katin da aka goge cikin kwana 90. Amma ga abin lura: HubSpot da adireshin imel yake gane cewa mutum ya riga ya shiga. Manomin Giwa ko mai kayan miya na kasuwar Sabon Gari ba da imel yake hulɗa da kai ba, da waya ne. In ba imel, za a iya shigar da mutum ɗaya sau uku manhajar ba ta ce uffan ba. Don haka ko wace ce za ka ɗauka, tambayi ko za a iya mai da lambar waya ta zama abin da ba a yarda ya maimaitu ba, kuma ko hakan na cikin tsarin kyauta ko sai an biya.

Salesforce, wanda aka kafa a 1999, babba ne ƙwarai, amma na kamfanoni masu ma'aikatan da aikinsu ke nan ne. Mai shago ɗaya ya ƙyale shi kawai. Odoo na ƙasar Beljiyam yana da nau'in da za ka ɗora a kan kwamfutarka ba tare da biyan lasisi ba, ya haɗa kwastomomi da kayan sito da rasit, sai dai yana son mai fasaha a kusa.

Maganar kuɗi kuma, irin waɗannan manhajoji kan caji kowane ma'aikaci a kowane wata, da yawa kuma da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wanda ya yi lissafinsa da tsohon canji ya ji a jikinsa. Ka ninka farashin da yawan masu shiga, ka ninka da wata 12, sannan ka tambaya ko ana karɓar naira. Kyauta kuma tana da iyaka, yawanci a yawan mutane ko yawan katuna, kuma kamfanoni na canza iyakar lokaci zuwa lokaci, saboda haka ka karanta shafin farashinsu a ranar da za ka yanke shawara.

Akwai zaɓi na gida da nake girmamawa: matasan da suka karanci kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, masu gina manhaja daidai da shagonka. Su ne za su sa maka gurbin laƙabi da na bashin kaka ba tare da dogon bayani ba, wani ma ya rubuta maka maɓallan da Hausa. Na ga masu kyau sosai. Abin da nake roƙon maigida ya tambaya, cikin mutunci, shi ne: "Ɗana, in ka tafi bautar ƙasa wa zai duba mini? Bayanan a ina suke kwana? In yarona ya goge mutum, ina zan same shi? Kuma in na so tashi, zan iya kwashe kayana?" Matashin da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin. A rubuta amsoshin a takardar yarjejeniya.

Wannan tambaya ta kwashe kaya ta shafi kowace manhaja. Ka nemi maɓallin fitar da bayanai zuwa fayil ɗin CSV (wanda jadawali ke iya buɗewa) ko Excel, ka danna, ka buɗe abin da ya fito. Duba ko sifilin waya na nan, ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito lafiya ko sun zama wasu alamomi marasa ma'ana, wanda ke faruwa in ba a buɗe fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8 ba. Duba kuma ko bayanan da aka rubuta a cikin katin sun biyo, ko sunaye da lambobi kaɗai aka ba ka.

Kada a manta cewa waɗannan bayanai amana ce. Lambar matar aure, adireshin gida, bashin da mutum ba ya son maƙwabcinsa ya sani. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa mai tattara irin wannan nauyin kiyaye shi. Manhajar da ke barin ka ce wannan yaro ya gani kawai, wancan ya gyara amma kada ya goge, babu mai fitar da fayil sai ni, ta fi wadda kowa ke da mabuɗin komai. Ranar da yaro ya bar aiki kuma, a rufe asusunsa a ranar.

In za ka gwada, kada ka yi cinikin biri a sama, kuma kada ka gwada da sunayen misali da mai talla ya zuba. Ɗebo mutum talatin daga littafinka, har da masu suna iri ɗaya da mai layi biyu. Miƙa wa yaron da zai riƙa aikin, a wayar da zai riƙa amfani da ita, a cikin shagon, da sabis ɗin wurin. Ka ce ya nemo mutum da laƙabi, ya canza lambarsa, ya shigar da wani sau biyu da gangan sannan ya haɗe su, ya goge ɗaya ya maido. Kai kuma ka ƙirga danni nawa kowanne ya ci, ka duba ko tarihi ya nuna sunansa.

Alhaji na Samaru haka muka yi da shi a kan manhajoji uku. Da yake shi da yara biyu ne, kuma abin da ya fi damunsa bashin taki ne daga shuka zuwa kaka, ya ɗauki tsarin da ke karɓar mutum uku, muka ƙara gurbin ƙauye da na wanda ya tsaya wa manomi. Littafin mai bangon kwali bai jefar ba, har yanzu a ciki manomi ke sa hannu ko dangwala yatsa. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, babban yaron yana fitar da fayil ya kwafe a filashi, Alhaji ya sa a aljihun babbar riga ya tafi da shi gida.