Barait, hematait ko manganis: wanne za ka zuba a lakar rijiyar gas?

A rijiyar gas, nauyin lakar haƙa, wato lakar da ake turawa cikin rami da famfo lokacin haƙa, shi ne murfin tukunya: shi ke danne gas kada ya taso. Nauyin ruwa zalla fam 8.33 ne a galan, rijiya mai matsi sosai kuwa tana iya neman laka mai fam 17 ko 18. Garin ma'adini mai nauyi da za ka saya ka zuba a laka ka cike wannan giɓi shi ne maganarmu.

Ni dai na manganis nake so, wanda ake sayarwa da sunan Micromax. Nauyinsa ya kai ninki 4.8 na ruwa, ƙwayarsa kuma laushi gare ta kamar toka, wajen maikiron ɗaya, wato ɗaya bisa dubu na milimita. Amfanin wannan laushi sai ka tsayar da famfo a rijiya mai karkata sannan za ka gan shi. Barait yakan kwanta a gefen rami, lakar sama ta yi sauƙi, gas ya samu ƙofa. In kuma lakar ta mai ce, gas ɗin narkewa yake yi a ciki, ba za ka ji motsinsa ba sai ya kusa fitowa. Manganis ba ya saurin kwanciya haka, kuma asid yana narkar da shi idan an zo wanke rijiya, abin da barait ba ya yarda da shi. Yana da tsada, kuma yakan mayar da kayan aikinka ja-ja-ja, amma na yafe masa.

Hematait ya fi 5 a nauyi, sai dai yana cin famfo kamar gara, kuma yana rikita na'urar gane alkibla. Ruwan siziyom fomet, wani ruwan gishiri mai nauyi, yana kai ninki 2.3 na ruwa ba tare da gari ba, amma kuɗinsa ya sa galibi haya ake yi. Farar ƙasa, 2.7, ba ta wannan aikin ba ce.

Yawancinmu dai barait za mu saya, tunda muna da shi a gida, daga Azara a Nasarawa har Binuwai da Taraba. A nan ne kuma aka taɓa ƙona ni. Wani dila ya kawo mana tirela guda, buhuna fes, takarda ta ce nauyinsa ninki 4.2 ne na ruwa. Muka yi ta zubawa, ma'auni ya ƙi tashi, laka kuwa sai kauri take yi kamar kunun tsamiyar da ya kwana. Ashe an niƙa shi da yashi da farin dutse.

Tun daga ranar ba na karɓar takarda a madadin gwaji. Ƙa'idar API 13A, ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka kan kayan lakar haƙa, ta amince da 4.2, daga baya aka ƙara ajin 4.1, to ka tambayi wanne ake sayar maka, kada ka biya kuɗin na farko a ba ka na biyu. Ɗebi samfur daga buhunan tsakiya da na ƙasan mota, don na bakin ƙofa kullum masu kyau ne. Auna shi da kananzir a kwalbar Le Chatelier, wadda ake gwada nauyin gari da ita. Ɗiga masa asid: in ya yi kumfa, akwai farin dutse. Tankaɗe shi a rariyar maikiron 75, abin da ya rage kada ya wuce kashi 3 cikin 100. Dilan da ya ce direba na sauri, a sauke tukuna a gwada daga baya, ka ce masa direban ya nemi inuwa ya zauna.