Alaimen na kwamfuta a titin Zariya: aiki ya yi, amma akwai jira

Masu tambayar inda na kai Corolla ta aka yi mata alaimen, wato saita tayoyi su tsaya daidai, wani gareji ne a titin Zariya nan Kano, irin masu na'urar kwamfuta ɗin nan, kuma gaskiya aikinsu ya kwanta min a rai duk da akwai inda zan yi ƙorafi.

Motar 2006 ce, da na saki sitiyari sai ta ja dama, tayar gaba kuma ta cinye ta ciki har waya ta kusa leƙowa alhali ta waje zanenta na nan garau. Bakaniken bai yarda ya ɗora na'ura ba sai da ya gwada iskar tayoyin duka ya mayar da su 30 a ma'aunin iska yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, sannan ya ɗaga motar ya kama taya da hannu biyu ya jijjiga, sai ga tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, yana ƙwas ƙwas. Ya ce "Alhaji, in na yi maka alaimen a kan wannan, kafin ka kai Na'ibawa ya warware." Dole aka tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo sabo. Wannan kaɗai ya sa na yarda da su wallahi, don wani wajen karɓar kuɗinka kawai za a yi a sallame ka.

Da aka maƙala na'urorin a tayoyi huɗun ya kira ni gaban allo, ja na nufin ya kauce, kore daidai. Babbar matsalar ita ce abin da suke kira "to", wato bakin tayoyin gaba ya buɗe waje maimakon su kalli gaba sak, shi ya sa suke goge kwalta suna cinyewa. Ya kafe sitiyari a tsakiya, ya shiga ƙasa ya sassauta notin tayarod yana murzawa kaɗan kaɗan, ina kallo lambar ta koma kore. Kamba, wato kwanciyar taya ciki ko waje, tana cikin ƙa'ida, ya ce da ta kauce sai an sa wani kusa na musamman a ƙasan shok. Kasta kuwa, wato karkatar ƙarfen da taya ke juyawa a kansa gaba ko baya, ba a saita ta a wannan motar, in ta kauce to wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, galibi rami aka faɗa.

Ƙorafina jira, layi ga rana ga benci ɗaya tal, aka ɗauke wuta kuma sai da aka tada janareta kwamfutar ta sake tashi. Ba sa buga takardar sakamako, ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin da bayan aiki. Kuɗin ya fi na masu yin alaimen da zare a bakin titi sosai, balansin kuma, wato daidaita nauyin taya, daban ake biya, kuma in sitiyarinka rawa yake in ka kai gudun kilomita 100 a awa to balansin ɗin kake buƙata. Ka je da sassafe, ka kuma riƙe ƙarin kuɗi ko za a ce tayarod ko bushin, wato robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota, ya mutu.