HandBrake: ga masu ɗaukar bidiyon biki a Gombe

HandBrake manhaja ce ta kyauta da ke sauya bidiyo daga wani nau'in fayil zuwa wani, kuma ta dace da wanda kyamararsa ke fitar da fayil ɗin MTS. Yawancin irin waɗannan kyamarori suna ɗauka ne a 1080i, tsarin da ke raba layukan kowane hoto gida biyu yana ɗaukarsu bi da bi, shi ya sa ake ganin zare-zare kamar haƙoran mataji duk lokacin da 'yan rawa suka motsa a kwamfuta. A kunna Decomb, wato matatar da ke goge zaren a cikin manhajar, zaren zai tafi. A zaɓi nau'in fayil na MP4 da tsarin matse bidiyo na H.264, a sa RF, wato ma'aunin ingancin hoto wanda ƙaruwar lambarsa ke rage inganci, tsakanin 18 da 20. In aka kai 28, zanen leshin amarya zai dagule. Gudun hoto (Framerate) a bar shi yadda kyamara ta ɗauka.

Aibinta, ba ta haɗa bidiyo biyu, kuma tsohuwar kwamfuta tana jan lokaci, sai an tanadi wuta.