Eksire ko sikanin: wanne ke yi wa likita jagora a aikin zuciya ta jijiya?

'Yar'uwa, kin ce ƙofar zuciyar ƙanwarki ta tsuke, za a buɗe ta da balan-balan ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba. An kuma ce miki za a yi amfani da eksire da sikanin na maƙogwaro a tare, shi ne kike tambayar wanne ya fi, ko kuwa ƙarin kuɗi ne kawai. Ba maimai ba ne. Abin da ɗaya yake gani, ɗayan ba ya ganinsa.

Eksire na ɗakin aikin zuciya hoto ne mai motsi. Yana nuna waya da siririn bututun da aka zura tun daga matsematsi har cikin ƙirji, yana nuna ƙashi da duk wani ƙarfe tar. Da shi wani likita, Werner Forssmann, ya tabbatar a Jamus a 1929 cewa bututun da ya zura a hannunsa ya kai zuciya. Amma naman zuciya kansa inuwa ce kawai a eksire. Bangon da ya raba ɗakunan sama biyu na zuciya ba ya fita, ƙofofi ma haka, sai in an tura ruwa mai sinadarin aidin, wanda kan wahalar da mai raunin ƙoda. Ga kuma haskensa da ke taruwa a jiki, dalilin da ya sa ma'aikatan suke sanya riga mai dalma.

Sikanin da sauti yake aiki, babu wannan hasken. Na maƙogwaro ana zura kansa ne ta hanyar abinci, wadda take manne da bayan ɗakin sama na hagu, saboda haka haƙarƙari da huhu ba sa tare hoton. Ana ganin leɓunan ƙofar suna buɗewa suna rufewa, ana ganin jini da launin ja da shuɗi gwargwadon inda ya nufa. Rauninsa shi ne wuri kaɗan yake kamawa, ƙarfe na jefa masa inuwa, kuma mara lafiya na buƙatar allurar da za ta sa shi gyangyaɗi ko barci gaba ɗaya.

A aikin ƙanwarki ne bambancin ya fi fitowa. Wannan tsukewar ta ƙofar mitiral, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagun zuciya, galibi sakamakon ciwon maƙogwaro ne na yarinta da bai samu magani ba, abin da har yau yake damun yaranmu. Kafin a taɓa komai, sai sikanin ya duba ko gudan jini ya kwanta a ɗakin hagu, domin in bututu ya tunkuɗe shi zai iya tafiya ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Eksire ba zai nuna wannan ba. Daga nan sai a huda bangon tsakiya da allura a tsallaka daga dama zuwa hagu. A ganina nan ne wuri mafi haɗari, don babbar jijiyar jini na kusa. Eksire zai nuna allurar, sikanin kuma zai nuna bangon yana lotsawa daidai inda bakinta ya danna. Da an hura balan-balan ɗin, irin wanda likitan Japan Kanji Inoue ya fito da shi a 1984, eksire ne ke karɓar ragama: za a ga tsakiyarsa ta tsuke kamar kalangu a bakin ƙofar, sannan tsukewar ta baje. Sai sikanin ya auna ko ƙofar ta buɗe yadda ake so, ko ta fara yoyo, ko jini ya taru a jakar zuciya.

Yanzu akwai na'urorin da ke ɗora hotunan biyu a allo guda, kamar EchoNavigator na kamfanin Philips. Manhajar tana gane kan na'urar sikanin a cikin hoton eksire, ta daidaita su, in likita ya sa alama a kan bango sai ta bayyana a eksire. Amfaninta ya fi yawa a ayyuka masu sarƙaƙiya, kamar maƙala MitraClip, wani ɗan ƙarfe mai haɗe leɓunan ƙofa, a ƙofa mai yoyo. Don aikin balan-balan, kada hankalinki ya tashi in asibitin ba su da ita. Shekaru da dama ƙwararru suna yin sa da allo biyu, wasu ma da sikanin na saman ƙirji bayan an duba gudan jini ta maƙogwaro.

Ki sanar da likita in ƙanwarki tana da ciki, ko ciwon ƙoda, ko tana shan wahala wajen haɗiye abinci. Za a hana ta ci da sha na wasu sa'o'i kafin aikin, kuma maƙogwaronta zai iya yi mata zafi na kwana ɗaya ko biyu. Allah Ya ba ta lafiya.